Abin da ke tsinka kalmasar tufafin roba, da yadda ake gyara ta a keken gida

A gidaje da yawa na Ɗan Isa da sauran garuruwan yankin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi a arewacin Jihar Zamfara, akwai baƙin keken ɗinki a kusurwar ɗaki, wani na ƙafa, wani na hannu. Wata da shi aka kai ta ɗakin miji, wata a rabon tallafin 'yan siyasa ta samu, wata kuwa adashi ta yi ta saya. Keken ya ɗinka atamfa, ya ɗinka shadda da kayan makarantar yara shekara da shekaru bai taɓa ba uwargijiyarsa kunya ba. Amma ranar da aka ɗora masa hijabin roba, ko tishat ɗin yaro wadda bakinta ya warware, sai labari ya sha bamban. Ko dai keken ya riƙa tsallake, ya ɗinka nan ya bar can, ko bakin rigar ya fito a lanƙwashe kamar ganyen salak, ko kuma ɗinkin ya fito tsaf abin sha'awa, amma ranar farko da aka zura rigar a ji zaren yana ƙas-ƙas yana tsinkewa.

Abin da kan biyo baya sananne ne. Mai ɗinki ta ɗora wa keke laifi, ta aika a kira mai gyara, ya kwance ya ɗaura ya karɓi kuɗinsa, matsalar tana nan inda take. Mai kaya kuma ya ɗora wa tela laifi, ya ɗauke cinikinsa ya kai wani wuri. A mafi yawan lokuta keken lafiyarsa ƙalau, hannun mai ɗinkin ma haka. Inda gizo ke saƙar shi ne yadin yana miƙewa, ɗinkin da aka yi masa kuwa ba ya miƙewa.

Dalilin da gyara ya zama tilas

A da, kayan da ake kai wa tela a wannan yanki kusan duk yadi ne mai tsayawa inda aka ajiye shi: atamfa, shadda, leshi da yadin maza. Yanzu kuwa da wuya a buɗe akwatin kayan gida ba a tarar da mai roba ba. Akwai hijabi da doguwar riga, akwai siket da dogon wandon da mata ke sawa a ciki, ga singileti da tishat da ma'aikata ke ɓoyewa a ƙarƙashin kaftani, ga jesin ƙwallo na samari da kayan sanyin jarirai. Sababbin cikinsu yawanci daga Chaina suke zuwa, su bi ta manyan kasuwanni irin Kantin Kwari ta Kano. Na gwanjo kuwa, duk da cewa suna cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su, sun daɗe suna sauka a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, wasu su bi ta Nijar, musamman Maraɗi, kafin su tsallako iyaka.

Kowace hanya cikin waɗannan ta yi tsada a 'yan shekarun nan. An rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Dala, wadda farashinta na hukuma ke kusa da Naira 460 kafin Yunin 2023, ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kuma dilar gwanjo da sabon yadi duk da kuɗin waje ake sayo su. A arewacin Zamfara akwai ƙarin nauyin da wasu wurare ba su sani ba. Matsalar 'yan bindiga ta sa tafiya a hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi ta zama abin da ake yi da addu'a, kuma a watan Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Mutumin da ke ƙauye ba zai hau mota zuwa Gusau don neman keken kamfani saboda bakin riga ba, kuma ba zai jefar da rigar da sauran jikinta ke da ƙwari ba. Dole gyaran ya fito daga keken da ke cikin gida.

Saƙa iri biyu ce

Hausa da kalma ɗaya take kiran aikin masaƙi da aikin mai kwarashi, duka saƙa ce, amma a nan bambancinsu shi ne tushen maganar. A saƙar masaƙa, wadda atamfa da shadda ke cikinta, zaren tsaye da na kwance ne ke ratsa juna a miƙe. Zaren ya riga ya miƙe iyakar tsawonsa, saboda haka in an ja yadin ba shi da inda zai ƙara. Tishat da singileti kuwa 'yan uwan hular sanyi ne da suwaita. Zare guda ne ake lanƙwasawa ya zama 'yan zobba, kowane zobe ya sarƙe cikin na kusa da shi, sai dai injin kamfani yana yin su ƙanana ƙwarai har sai an kusanto da ido ake ganinsu. In an ja irin wannan yadi, zobban ne ke buɗewa, in an saki su koma. Wannan ne ya sa tishat ta auduga zalla ma take miƙewa, ko da babu roba ko kaɗan a cikinta.

Abin da jama'a ke kira roba a cikin yadi shi ma ba robar taya ba ce. Wani zare ne da masanin sinadarai Joseph Shivers ya samar a kamfanin DuPont na Amurka a 1958, aka sayar da shi da sunan Lycra. A jikin 'yar takardar da ke wuyan riga akan rubuta shi da sunan spandex ko elastane. Yana iya miƙewa ninki biyar na tsawonsa ya dawo yadda yake, don haka ɗan kaɗan ake sakawa: kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a tishat ya isa ya sauya halinta, wandunan da ke kama jiki kuwa sukan ɗauki fiye da haka.

Shi kuwa baƙin keke ɗinki ɗaya ya iya. Irin su Butterfly da ake ƙerawa a Shanghai an kwaikwayo su ne daga tsohon samfurin Singer mai lamba 15, kuma ɗinkinsu shi ne wanda Elias Howe ya yi wa rajista tun 1846: zaren sama ya nutsa, ya sarƙe da na ƙasa a tsakiyar yadi, su tafi a layi ɗaya miƙaƙƙe. Ɗinki ne mai ƙarfi, amma ba shi da rarar zare. Idan bakin riga mai faɗin santimita 50 ya buɗe zuwa 65 lokacin da ake zura shi ta kafaɗa, zaren da aka auna wa 50 ba shi da mafita sai tsinkewa. Duk dabarun da ke tafe manufarsu guda ce, wato a san yadda za a ajiye rarar zare a cikin ɗinkin domin ranar da yadin zai buɗe.

Kamfanoni sun warware wannan da keke na musamman. Duk wanda ya juya bakin sabuwar tishat zai ga layi biyu a waje, a ciki kuma wani zare ya yi sarƙa tsakaninsu ya rufe gefen yadin. Wannan sarƙar ita ce rarar. Sai dai tana da aibu ɗaya: in zaren ya tsinke aka ja shi ta ɓangaren da ɗinkin ya ƙare, sai ya bi ya warware gaba ɗaya, kamar bakin buhun shinkafa. Shi ya sa ɗan zaren da ke lilo a bakin riga, wanda yaro ya ja da wasa, kan kwance kalmasar duka cikin ƙiftawar ido. Zaren da ya fito ba a jan sa, yanke shi ake yi ko a ɗaure.

Kafin a taka keke

Ba kowace riga ce ta cancanci wahalar ba. A kama yadin a ja shi a kwance, a saki. In ya koma da sauri, yana da rai. In ya tsaya a sake, ko aka ga wasu 'yan fararen zaruruwa sun tsattsago kamar gashi, robar cikinsa ta mutu, kuma babu ɗinkin da zai dawo da ita. 'Yan kasuwar da ke sayen gwanjo domin su gyara su sayar sun fi kowa buƙatar wannan gwaji, tun kafin su biya kuɗin tela a kan kayan da ba za su ƙara daraja ba.

Sannan a duba yawan miƙewar da wurin ke buƙata, domin ba duk kalmasa ce ɗaya ba. Ƙasan hijabi mai faɗi ko na doguwar riga mai baza ba ya shan ja, ɗinkin miƙe mai ɗan sassauci ya ishe shi. Bakin hannu, wuyan rigar yaro, zagayen fuskar hijabi da ƙafar wando mai kama jiki su ne ke buɗewa kullum, kuma a nan ne ɗinki ke mutuwa. Ana iya auna yadin da tef: a kama santimita 10 a ja ba da ƙarfi ba. In ya kai 12 ko 13, miƙewarsa kaɗan ce, baƙin keke zai iya da shi ba wata gardama. In ya kai 15 ko ya wuce, sai an haɗa duk dabarun, ko a koma ɗinkin hannu.

In wani yanki ne kawai ya warware, a jawo zaruruwan da suka rage zuwa ciki da allurar hannu a ɗaure su, sabon ɗinki kuma ya fara a kan tsohon da santimita biyu ko uku, ya ƙare haka a ɗaya gefen. In kuwa tsohon layin ya bar 'yan ramuka, ko yadin ya sire a wurin, gara a yanke shi a yi sabuwar kalmasa a sama, rigar ta ɗan rage tsawo. Doguwar riga mai nauyi a rataye ta kwana ɗaya kafin a daidaita ƙasanta, saboda irin wannan yadi yakan ƙara tsawo da nauyin kansa, kuma ba lallai ya ƙara daidai a kowane gefe ba.

Akwai kuskuren da sabo ke jawowa. Mai ɗinkin atamfa ta saba ninka baki sau biyu don kada ya zare. Yadin roba ba ya zarewa haka, saboda haka ninki ɗaya na santimita biyu zuwa biyu da rabi ya wadatar. Ninki biyu yana ƙara kauri, ya sa bakin ya yi tauri ya tashi. Siririyar kalmasa kuma ta fi saurin naɗewa. Da yake yadin tishat yana da halin naɗe bakinsa da zarar an yanka, a shafa masa ɗan sitati a goge, zai kwanta kamar takarda har a gama aiki, wankin farko kuma ya fitar da sitatin.

A wajen gugar nan ake yin ɓarna mai yawa. Ɗigon da ke jikin hoton dutsen guga a takardar riga yana nufin zafi ne: ɗaya kimanin digiri 110, biyu 150, uku 200. Yawancin kayan roba ɗigo ɗaya ko biyu suke so. Dutsen gawayi, wanda shi ne abin dogaro inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ba shi da ma'aunin zafi. Sai a bari ya huce, a shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyallen auduga a kan yadin, a riƙa ɗora dutsen ana ɗagawa. Jan sa gaba da baya yana miƙar da bakin tun kafin allura ta taɓa shi.

Allura ce ke tsallake, ba keke ba

Don a gane tsallake sai a san abin da ke faruwa a ƙarƙashin farantin keke. Allura tana nutsawa da zare, da ta fara tasowa sai zaren ya yi ɗan zarge a gefenta, ƙugiyar da ke zagaye ƙoshiya ta kama zargen ta sarƙe shi da zaren ƙasa. Zargen yana samuwa ne idan yadi ya tsaya cik ya riƙe zaren. Yadin roba kuwa yakan manne wa allura ya biyo ta sama, zargen bai samu ba, ƙugiya ta wuce hannu rabbana. Ɗinki ɗaya ya ɓace ke nan.

Allura mai kaifin tsini tana da wata illar kuma. Tana huda zaren yadin ta yanke shi, kuma zobe ɗaya in ya yanke, na ƙasa da shi su bi shi, a ga siririn layi ya sauka a jikin riga, ko 'yan ramuka su bayyana bayan wanki biyu ko uku. Maganin duka biyun allura ce mai dunƙulallen tsini, wadda ke ratsawa tsakanin zobba ba ta yanka ba. A jikin fakitinta akan rubuta Jersey ko Ball Point, wadda aka yi domin yadi mai roba sosai kuma Stretch. Kamfanin Schmetz na Jamus yana yi wa ta farkon alama ruwan lemo, ta biyun rawaya. Girman da ya dace shi ne lamba 11 ga yadi marar kauri, 14 ga mai kauri. Lamba 16 da 18 da teloli da yawa ke barin su a keke saboda shadda sun yi wa wannan aiki girma.

Masu shagunan kayan ɗinki suna da rawar da za su taka a nan. Allurar keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe a gindinta, ana rubuta mata HAx1 ko 130/705H. Ta keken kamfani, irin DBx1, gindinta zagayayye ne. In aka sayar wa mai keken gida ta biyun, za ta iya shiga, amma ba za ta zauna daidai da ƙugiya ba, tsallaken ya ƙaru. Ɗan kasuwar da ya saro allurar roba daga Kano ya ajiye a shagonsa a Ƙaura ko Shinkafi, kuma ya iya bayanin amfaninta, ba zai rasa masu saye ba, domin kayan da ke buƙatar ta sun riga sun cika gari. In ba a same ta ba, sabuwar allura lamba 11 ta fi tsohuwar da ta dakushe ko ta lanƙwashe nesa ba kusa ba.

Zare kuma ya zama na foliyesta mai kyau, sama da ƙasa, domin yana da ɗan bayarwa kafin ya tsinke, na auduga kuwa kusan ba shi da ita. Zaren aiki mai sheƙi da ake yi wa wuyan kaftani ado ba na riƙe ɗinki ba ne. Akwai kuma zaren da shi kansa yake miƙewa, irin su Maraflex na kamfanin Gütermann da Eloflex na Coats, waɗanda aka yi musamman domin ɗinkin miƙe a kan yadin roba. Suna da tsada, amma ga tela mai yawan irin wannan aiki suna biyan kansu.

Yadda ake bi da baƙin keke

Baƙin keke yana da wata falala da ba a cika faɗa ba: ramin allurarsa ƙarami ne zagayayye, yana tallafe yadi ta kowane gefe, ba ya barin a tura shi ciki kamar yadda faffaɗan ramin keken zamani ke yi. Abin da ya rage shi ne saiti. A sassauta tsaurin zaren sama kaɗan. A sa tsawon ɗinki kimanin milimita 3, wato ɗinki takwas zuwa tara a inci ɗaya. Sannan a warware dunƙulen da ke saman kan keken, daidai bisa madannin yadi, zagaye biyu ko uku don a rage nauyin dannawa. Wannan na ƙarshen mutane da yawa ba su san amfaninsa ba, alhali shi ne babban mai kawo lanƙwasa: haƙoran keke suna jan shafin ƙasa, madanni mai nauyi yana riƙe na sama yana miƙar da shi, ɗinki kuma ya kulle miƙewar a haka.

Babbar dabarar ita ce a miƙar da yadin kaɗan yayin da ake ɗinki. Hannu ɗaya a gaban allura, ɗaya a bayanta, a ja daidai wa daida, a bar haƙoran keke su tafi da yadin da kansu. In an saki, yadin zai koma, ɗinkin ya matso ya yi ɗan sako-sako, rarar da ake nema ke nan. Ba sabuwar hikima ba ce. Wata Ba'amurkiya mai suna Ann Person ta shahara a jihar Oregon a shekarun 1960 da koya wa mata wannan hanya, har ta kafa kamfanin Stretch & Sew a kanta. Haɗarin shi ne jan yadi daga baya kawai, wanda ke lanƙwasa allura ta daki farantin ƙarfe ta karye, wani lokaci ta ji wa ƙugiya ciwo, a nan kuma sai an nemi mai gyara da gaske.

Nawa za a ja? Nan ne hannu ke shigowa, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. A ɗauki guntun da aka yanke daga rigar, ko wata tsohuwar tishat mai kama da ita, a ninka kamar kalmasa a ɗinka, sannan a ja shi da ƙarfi irin na mai zura riga. In zare ya tsinke, a ƙara ja lokacin ɗinki ko a ƙara sassauta tsauri. In bakin ya lanƙwashe bai koma ba, an ja fiye da kima. Yadin da ke da spandex yana yafe kuskure, tururin jiƙaƙƙen ƙyalle kan mayar da shi. Na auduga zalla ba ya yafewa sosai, don haka da shi a taƙaita ja.

In yadin yana da santsi ko laushi har keken na tsallake duk da sabuwar allura, a shimfiɗa siririyar takarda a ƙarƙashinsa, irin ta tsohon littafin rubutun yara, a ɗinke tare, a yage ta a hankali bayan an gama. Takardar tana hana yadin bin allura sama. A guji jarida a kan farin kaya saboda tawada. Layi biyu a jere, tazarar rabin santimita, ya fi ɗaya ƙarfi, kuma daga waje yana kama da na kamfani. A fara daga ɗinkin gefe, inda mahaɗar ba za ta fito fili ba. A daidai tudun da ɗinkin gefe ke yi, a juya keken da hannu, a sa ninkakken kwali a bayan madanni don ya daidaita.

Duk da haka, gaskiyar magana ita ce ɗinkin miƙe yana da iyaka. A ƙafar wando mai kama jiki ko wuyan rigar jariri, allurar hannu ta fi baƙin keke. Ana yin ɗinkin giciye ne: a ɗan tsinci yadi a jikin riga, a tsallaka a karkace a tsinci bakin kalmasa, a sake komawa, zaren ya riƙa gittawa kamar alamar sau a lissafi, ba tare da an ja shi ya tsuke ba. Yana cin lokaci, amma yana buɗewa tare da yadin. Wata hanyar ita ce a yanko ƙyalle mai roba wanda ya ɗan gaza bakin tsawo, a ninka shi biyu, a miƙar da shi a ɗinka a bakin kamar na suwaita. Gam ɗin kalmasa da ake mannawa da dutsen guga kuwa, wanda wasu ke gudu gare shi don sauri, yawancinsa ba ya miƙewa, yana buƙatar zafin da yadin ba ya so, kuma yakan ɓamɓare bayan 'yan wanke-wanke.

In keken yana zigizag

Ga ma'aikatan da ke da keken zamani a gida, aikin ya fi sauƙi. Ɗinkin zigizag, wanda Helen Blanchard ta yi wa rajista a Amurka a 1873 amma bai yaɗu a kekunan gida ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana tafiya ne hagu da dama, kowace karkata kuma rara ce. Faɗin milimita 1.5 zuwa 2 da tsawon 2.5 ya dace da yawancin kalmasa. Bambanci mai muhimmanci shi ne a nan ba a jan yadi ko kaɗan. Wanda ya saba da baƙin keke ya zo ya ja a kan zigizag, shi zai sami bakin da ya fi kowanne lanƙwasa.

Irin wannan keke yana karɓar tagwayen allura, wato allura biyu a gindi ɗaya, masu tazarar milimita 2.5 ko 4. Ana sa zare biyu a sama, ɗaya a ƙasa, a ɗinka ta wajen riga. Sama ya fito layi biyu, zaren ƙasa kuma ya yi zigizag tsakaninsu. In tsakanin layukan ya tashi kamar kunyar gona, tsauri ya yi yawa ne, a sassauta. Kada a kuskura a saka tagwayen allura a baƙin keke: ramin bai isa ba, kuma keken da ake zura wa allurarsa zare daga gefe ba a yi ƙugiyarsa don kama zare biyu a jere ba. Keken wibin da wasu shaguna ke da shi yana gyara gefen yadi kuma ɗinkinsa na miƙewa, amma shi kaɗai ba ya kama kalmasa a jikin riga kamar na kamfani. Wadda ke shirin ƙara keke kuma tana tsoron rashin wuta, ta tambayi tsofaffin kawunan zigizag na ƙarfe masu bel a waje, domin da yawansu ana iya ɗora su a kan teburin ƙafa.

Bayan an gama, yadda ake wanki shi ke yanke tsawon ran ɗinkin. Bilic yana cin spandex, ruwan zafi ma haka. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a arewacin Zamfara, shanya kayan roba a tsakiyar rana yini guda yana gajarta kwanansu, don haka a juya su a shanya a inuwa. Jiƙaƙƙiyar doguwar riga kuma a ninka ta biyu a kan igiya, kada a maƙale ta ta bakin da aka gyara ruwa yana jan ta ƙasa.